Ɗigon Dalma da Makullin Illo

Ku ƴaƴana, dukanku kun tashi da labari guda game da Illo mai agogo: wai hassada ta sa ya riƙa lalata akwatin wasan Hadiza a ɓoye, har na gane shi na karɓe makullin shago daga hannunshi. Kun ji shi a bakin innarku, kun ji shi a bakin maƙwabta, ni kuma ba ku taɓa jin na musa ba. To yau zan musa. Ƙarfina ya soma tafiya, kuma ba na so in kwanta cikin ƙasa da sunan bawan Allah rataye a wuyana. Wanda zai yi fushi da ni ya bari sai ya kai ƙarshe.

Shekara talatin da ƴan kai muna shago guda da Illo, a layin da ke fita kasuwar dabbobi. Ni ina can ciki da radiyoyina, shi yana bakin ƙofa da ɗan teburinshi da gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai buɗe agogo. Mutumin Kornaka ne, yana saurayi ya zo Dakoro, na ba shi gefen ƙofa ya zauna, zaman da ya zama na rabin rayuwa. Makulli biyu ne, ɗaya nawa ɗaya nashi. Kullum bayan asuba shi ke hura furno ya ɗora shayi, ni kuma in cusa ƙarfen liƙina cikin garwashin, don kuran ɗin Dakoro, wato wutar lantarki, ba abin dogaro ba ne, kuma ni tun ina koyon aiki da garwashi na saba. Illo ba mai magana ba ne. Ni ne mai baki, ni ne mai saurin hawa, kun sani ba sai na faɗa maku ba. In na yi faɗa da mai radiyo har ya fita yana zagi, Illo ne ke bin shi waje ya lallaso shi. Ranar sunan kowane ɗayanku shi ya riƙe ƙafar rago.

A shekarar da nake magana sana'ata ta riga ta mutu, ni ne dai na ƙi yarda. Da can ranar kasuwa Fulani da Buzaye ke jera radiyo a gabana har in rasa inda zan ajiye ƙafa. Sai waya ta zo, kowa ya sa labaranshi da waƙoƙinshi a aljihu. In wuni zaune in kori ƙuda, in koma gida in huce a kan innarku. Hadiza ce ta kasa jurewa. Lokacin ta gama karatun lantarki a Maradi, tana bin ƙauyuka har Korahane tana ɗora wa mutane farantan sola. Wata rana ta dawo daga Maradi da kwali, ta juye shi a kan teburina.

"Baba, akwatin wasa za mu haɗa, irin na da, mai sanda da maɓallai. Ƴan kabu-kabun nan da ke wuni a bakin layi suna jiran fasinja, nan za su dawo."

A cikin kayan akwai ordinata, wato kwamfuta, ƴar mitsitsiya, ba ta kai tafin hannuna ba, wai a cikinta tsofaffin wasanni suke. Akwai sanda biyu na tuƙi, da maɓallai masu launi, da wasu ƴan alluna guda biyu iri ɗaya sak. Ta yi mani bayani: mutum biyu za su riƙa karawa, kowa da sandarshi da maɓallanshi, wayoyin sun fi ƙarfin haƙoran da ke jikin ordinatar. Shi ya sa kowane ɗan wasa aka ba shi allo guda da zai tattara wayoyinshi, su biyun kuma su kai saƙo ga ordinatar ta hanya ɗaya. Nan na daina saurare, don a raina na riga na gane. Da na bari ta ƙarasa maganarta ran nan, da babu abin da zan rubuta yau.

Mai katako ya ƙera akwatin, muka zura tsohuwar tele a ciki. Da aka zo ɗaurin waya ta miƙo mani takarda da zane. Na ture ta. Ni da na shekara arba'in ina bin waya da ido da kunne, yau ɗiyar da na goya za ta ba ni takarda? Na ɗaura yadda na sani. Ta dawo ta duba, ta sa hannu ta warware duk abin da na yi, a gaban dattawan da ke zama kan bencin ƙofar shago.

"Baba, ka yi haƙuri, wannan ba radiyo ba ne."

Wani daga cikinsu ya yi dariya. Dariyar nan ita ta gama da ni. Na miƙe na jefar da filaya ƙasa.

"Wallahi tallahi hannuna ba zai ƙara taɓa akwatin nan ba! Ki yi abinki, tunda an yi boko."

Kowa ya ji rantsuwar, har mai tsire na tsallaken hanya. Illo bai ɗago daga agogon da ke hannunshi ba. Shi dama tun farko bai so abin ba, kuma bai ɓoye ba. Ya sha cewa a gaban mutane, agogo ba ya son hayaniya, in samari suka cika ƙofar nan suna ihu shi ina zai sa kanshi. Ya faɗa wa Hadiza ma ido da ido, "Ɗiyata, za ki mai da mana shago dandali." Ta yi dariya ta ce Baba Illo ya kwantar da hankalinshi.

Kwana huɗu ta gama ita kaɗai. Da la'asar ta kunna, ta kira ƴan kabu-kabu biyu suka kama sanduna. Ƴan dambe biyu suka bayyana a tele, wannan ya kai naushi, wancan ya yi tsalle, shago ya kaure da ihu. Ni na juya baya wai ina gyaran wata radiyo, amma wallahi da gefen ido nake kallo, kuma zuciyata fal take da alfahari. Ban nuna ba.

Washegari da sassafe na kasa haƙuri. Illo na bakin ƙofa yana fifita furno, na lallaɓa bayan akwatin na buɗe murfin, na ce kallo kawai zan yi. Aikin ya yi tsabta, ba ƙarya, kowace waya da hanyarta. Sai idona ya sauka kan allo na biyu. Ga wani ɗigon dalma ya zauna ɗaram a kan ƙafa biyu ya haɗe su. Na duba allo na farko, wurin nan fes, ƙafafun a rabe. Gabana ya faɗi. Ku da ba ku yi aikin radiyo ba, ku sani abu na farko da ake koya wa mutum shi ne wannan: dalma ba ta haɗa ƙafa biyu. Maigidan da ya koya mani aiki ya taɓa dalla mani mari a kan irin ɗigon nan, don shi ke ƙona kaya. Na ce a raina, kayya, yarinyar nan hannunta ya zame ba ta lura ba, in abin ya ƙone gaban mutane ta ji kunya, ni ma na ji. Na koma wajen furno na zaro ƙarfena ya yi ja, na dawo na ɗauke ɗigon tsaf, na kankare wurin har yana ƙyalli. Na rufe murfi na koma kujerata, ina jin kaina uba nagari. Rantsuwar kuwa na ce wannan ai ba taɓawa ba ce, ceto ne.

Da hantsi samari suka zo, aka kunna. Tabɗi! Ɗan damben na biyu ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, ana jibgarshi ko motsi. Mai sanda ta biyu ya murɗa hagu, sai ɗan damben na farko ya tafi hagu. Ya danna naushi, sai abokin karawarshi ya kai naushin. Sanda biyu duk mutum guda suke tuƙawa. Samari suka fashe da dariya, wani ya ce akwatin ya zaɓi gwaninshi. Hadiza ta yi tsuru-tsuru. Ni kuma na ce a raina, ka gani ko, na makara, ɗigon ya kwana ya riga ya yi ɓarna.

Kwana biyar ta yi a durƙushe bayan akwatin nan, ta bar aikin solarta. Ta bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya da mita, duk lafiya. Ta bi wayar da ta zagaye su ta haɗe su, ba inda ta tsinke. Ta musanya sandunan, abin bai canza ba. Ta zare ɗan katin da wasannin ke ciki ta sake zuba su, ta canza batir ko ƙarfin wuta ne ya gaza, har fanka ta kafa wa akwatin ko zafi ne. Allon kuwa ba ta ko kalle shi ba, don ta san da hannunta ta gama da shi. A gida ba ta cin abincin kirki. Innarku ta tare ni a tsakar gida.

"Malam, kana gani yarinya na ramewa, ba za ka leƙa mata ba?"

"Na rantse. Kuma ai ta ce ba radiyo ba ne."

Rana ta shida abin ya tashi, sanda biyu kowace da mutuminta. Ba ta ce mani ga abin da ta gyara ba, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Daga baya ne na ji yadda aka yi: ta sa ordinatar ta kira allunan ta ga wa zai amsa, sai amsa guda ta fito maimakon biyu. Ta buɗe ta ga babu ɗigo, ta ce lalle mantawa ta yi, ta sake ɗigawa. Ni ban san wannan ba. Da safe na sake lallaɓawa in ga mi ta canza, sai ga ɗigon ya dawo, wuri guda, girma guda. Na riƙe baki. Na gasa ƙarfe na ɗauke shi. Da hantsi ɗan dambe na biyu ya sake sandarewa. Ta zargi dalmar kasuwa, ta aika Maradi aka kawo mata mai kyau, ta ɗiga na ukku. Na ɗauke na ukku.

Na san abin da za ku ce. Ko ɗan da bai shiga lakwal ya yi boko ba zai lissafa cewa duk ranar da na sa hannu, ranar abin ke mutuwa. Ni a juye na karanta shi. Abin da na gani shi ne, duk ranar da na tarar da ɗigo, ranar akwati ke lalacewa, ke nan ɗigon ne mai laifi. Shekara arba'in na aikin radiyo suna tsaye a bayana suna gaya mani ina da gaskiya, wa zai ja da su?

Ran nan da azahar ta same mu a gida ni da innarku, idonta ya yi ja.

"Baba, ba lalacewa yake ba. Wani ke sa hannu cikin akwatin nan. Na ga alamar ƙarfe a jikin allo, kuma hannun gwani ne, ba na yaro ba."

Na miƙe zumbur. Ba don na ji an kama ni ba, a'a, ko kusa ban kawo kaina ba. Cewa na yi, ashe! Ashe ba hannun ɗiyata ke zamewa ba, wani mugu ne ke bin bayanta yana ɗiga dalma don ya ƙona mata kaya, ni kuma ina bin bayanshi ina sharewa! Na buɗe baki zan ce ai na ga ɗigon da idona, sai na tuna rantsuwata, na haɗiye. Da na faɗi kalmar nan guda, da a nan tsakar gida komai ya warware.

"Wa ke da makulli in ba ku biyu ba?" in ji innarku. "Kai kuwa ka rantse."

Hadiza ta sunkuyar da kai. "Ba na so in faɗa. Amma Baba Illo tun farko ba ya so."

Ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba. Na isa shago, benci cike da dattawa an dawo daga masallaci, ƴan kabu-kabu na jingine da baburansu. Illo na cin gyaɗa a teburinshi. Ban ja shi gefe ba, ban yi mashi sallama ba. Abin da na faɗa ba zan maimaita shi duka ba, amma akwai munafuki a ciki, akwai maci amana, kuma na ce shekara talatin ina kiwon maciji a ƙofata. Na ce ya ba ni makullina.

Ya daɗe yana kallona. Ban taɓa ganin irin kallon nan a fuskarshi ba, kamar bai gane wanda ke tsaye gabanshi ba.

"Sani. Kai ke faɗin haka? Kai da bakinka?"

"Ni na faɗa. Makullina."

Ya sa hannu a aljihu, ya kwance makullin daga igiyar da yake ɗaure shi, ya ajiye a kan teburi. Bai kare kanshi da kalma ko guda ba, kowa kuma ya ce shirun mai laifi ne. Ya kwashe agogunanshi cikin gwangwani, ya ɗauki teburin da kanshi ya tsallaka hanya ya ajiye gindin iccen bedin da ke kallon shagon. Furnon ya bar shi.

Da la'asar ɗin ranar Hadiza ta buɗe bayan akwatin za ta gyara. Faɗan ya sa mun shirya ni da ita, tana ta lallashina kada hawan jinina ya tashi. Ta kira ni.

"Baba, zo ka ga abin da yake yi. Kallo ai ba taɓawa ba ne."

Na durƙusa gefenta. Ta nuna mani wurin da na kankare da safe, yana ta ƙyalli. Ta ɗauki ƙarfenta ta narka dalma, ta ɗiga a kan ƙafafun nan biyu, da gangan, a natse, ta haɗe su.

"Ka gani? Allunan nan biyu tagwaye ne, hanya guda suke magana. Ordinata da lamba take kiran kowane. Ɗigon nan shi ke canza wa na biyu lamba. In babu shi, su biyun lamba ɗaya gare su, ta kira na farko duk su amsa, ta kira na biyu shiru. To shi Baba Illo ke cirewa. Sau ukku, Baba. Dubi yadda ya kankare wurin, ko ɗigo bai bari ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kunnuwana suka toshe, ina ganin bakinta na motsi ba na jin mi take cewa. Gumi ya keto mani har yana ɗiga daga gemuna. Cirewa. Ba sawa ba, cirewa. Na kalli hannuna, ga ɗan ƙunar da ƙarfe ya yi mani da safe a babban yatsa. Na leƙa ta ƙofa, ga Illo can gindin bedi zaune da teburinshi, ba ya aikin komai, shagon yake kallo.

"Baba, lafiya? Ka ga yadda ka koma?"

"Ba komai. Jiri ne."

Abin da na ce ke nan. Taku ashirin ne tsakanina da shi, bencin da na ci mutuncinshi a gabansu bai ma watse ba. Amma sai in tashi in ce mi? In ce ni Sani na karya rantsuwar da na yi da sunan Allah, na lallaɓa kamar ɓarawo, na ɓata aikin ɗiyata sau ukku don ban san abin da nake yi ba, sannan na tozarta amini a kan laifina? Na ce bari gobe, in hankalina ya dawo. Gobe ta zo na ce jibi. Kwana ukku Illo ya yi gindin bedin nan. Rana ta huɗu da na zo, wurin wayam, an ce ya hau motar Kornaka da iyalinshi.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne, tunda na daina taɓawa, akwatin bai ƙara ko tari ba. Shago ya cika, samari na layi, Hadiza ta haɗa akwati na biyu. Duk wanda ya shigo sai ya ce, ai ga shi nan, tun da Illo ya tafi an zauna lafiya. Ni da hannuna na ɗora mashi laifi, kuma da janye hannuna na tabbatar da shi. Har na taɓa tunanin in sake cire ɗigon sau ɗaya, don a ga abin na faruwa ba ya nan. Na gasa ƙarfen, na tsaya bayan akwatin, na kasa, don na tuna yadda Hadiza ta rame. Innarku kuwa in ta tuna sai ta tafa hannu.

"Mutum mugun abu ne! Shekara talatin ina aika mashi tuwo."

Ni kuma in ce a bar maganar.

Sai bayan an cire amfanin gona na iya ɗaukar ƙafa na tafi Kornaka ranar kasuwarsu, na ce wa gida zan sayo wake. Na same shi a wata rumfa ta kara, tsakanin mai gishiri da mai igiya, agogo biyar kacal a gabanshi. Ya rame. Ya amsa sallamata, ya matsa mani a tabarma, ya tambayi innarku da ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Na kasa kallonshi. Na ce mashi, Illo, ba kai ba ne, ni ne.

"Na sani."

Na ɗago. "Ka sani?"

"Sani, a furnona kake gasa ƙarfen. Safiya ukku ina jin ƙaurin dalma daga bayan akwatin, babu radiyo ko guda a teburinka. Kurma ne ni ko makaho?"

Wallahi wannan ta fi ta farko girgiza ni. Na zauna baki buɗe kamar wawa. Na ce to don Allah mi ya hana ka faɗa, ranar da nake zaginka gaban jama'a?

"In faɗi mi? Ka rantse gabansu. In buɗe baki in mai da kai maƙaryaci gaban ɗiyarka? Na ce wannan zafin kai ne irin naka, kafin magariba za ka tsallako. Na ba ka kwana ukku." Ya juya wani agogo a hannunshi. "Abin da na kasa ganewa, mi yarinyar ta yi maka da za ka riƙa ɓata mata aiki?"

Ashe duk watannin nan yana zaune da tunanin da gangan na yi, don ta kunyata ni, sannan na nemi wanda zan jingina wa. Kuma duk da haka bai tona ni ba. Na ba shi labarin ɗigon tun daga farko, da marin da maigidana ya yi mani, da lambar allo. Ya saurara har ƙarshe. Na zaci zai yi dariya ko ya zage ni, da ya yi ɗaya daga ciki da na ji sauƙi. Sai ya girgiza kai kawai.

"To alhamdu lillahi, ba mugunta ba ce. Wannan ya sauke mani wani abu."

Na fito da makullin daga aljihu na ajiye gabanshi. Na ce ya dawo, teburinshi na da wuri. Ya tura mani shi da yatsa.

"Ba a Kornaka ka karɓe shi ba. Ni ba sai ka gaya mani ba ni da laifi ba. Ƴaƴana ne ba sa iya shiga Dakoro. Ka koma gaban bencin nan, ka tara waɗanda suka ji, ka kira Hadiza, ka faɗa masu abin da ka faɗa mani. Ran nan ka aiko, zan zo in karɓa."

Na ce mashi in sha Allahu jibi-jibin nan. Har ga Allah da niyyar na hau mota. Na sauka Dakoro da la'asar, na nufi shago kai tsaye. Benci cike, samari na ihu, Hadiza na tsaye tana dariya, ta hango ni ta taho ta karɓi buhun waken, tana cewa Baba sannu da hanya. Wani dattijo ya ce, Malam Sani, kai dai Allah ya ba ka ɗiya. Na tsaya tsakiyarsu, na gyara murya, kowa ya juyo. Na ce a ɗora shayi.

Shekara bakwai ina gyara muryar nan. Duk sallah sai in ce bayan sallah, duk damina in ce bayan kaka. Ban ƙara taka Kornaka ba, don ba ni da fuskar da zan kai. Bai aiko ba, bai kuma faɗa wa kowa ba, ko ƴaƴanshi. Watan jiya wani direba ya tsaya ƙofar gida ya ce Illo mai agogo ya rasu, har an yi kwana ukku da binne shi. Ina zaune a zaure na kasa tashi. Hadiza ta zo ta same ni, ta durƙusa ta riƙe hannuna, tana ganin hawayena ta ɗauka na tsohuwar amana ne da aka ci.

"Baba, ka daina kuka. Abin ya wuce. Ni dai wallahi na yafe mashi."

Ni kuma na buɗe bakin nan nawa na ce, "Allah ya yi maki albarka."

Hadiza, ba ki da abin da za ki yafe wa Illo. Hannun da kika riƙe ran nan, shi ne ya kankare allonki sau ukku.